Amsa ga mai niyyar nutso a kogwannin ruwa na Yukatan

Wani ƙanenmu injiniya, mazaunin unguwar Yantala a birnin Yamai, ya aiko da tambaya yana cewa aiki zai kai shi Kankun ta ƙasar Meksiko, kuma ya daɗe yana kallon hotunan kogwannin da ke cike da ruwa a wannan yankin, inda mai nutso yake bayyana kamar an rataye shi a sarari saboda tsabar garau ɗin ruwan. Ya ce a bakin kogin Isa ya tashi, ya iya iyo tun yana ƙarami, ya kuma sami takardar shaidar nutso ta matakin farko a Bahar Maliya, inda ya yi nutso kamar sau goma. Yana son ya san ko kyan da yake gani gaskiya ne, ko takardar tasa ta isa ta shigar da shi, da kuma dalilin da ya sa mutanen gida suke kiran abin ganganci.

Ƙanena, kyan gaskiya ne, kuma ni da na koyar da nutso na shiga irin waɗannan wurare ina shaida maka cewa hoto rage shi yake yi. Takardarka ta isa ta kai ka bakin kogon, wato sashen da hasken rana yake kaiwa, tare da jagora mai izini. Daga nan ba ta isa ta ƙara maka ko taku ɗaya ba, kuma wannan bai shafi ƙarfin zuciyarka ko gwanintarka a iyo ba. Dalilin guda ne, kuma a kansa sauran bayanin nan zai rataya: kogo yana da rufi. Duk abin da aka koya maka a Bahar Maliya an gina shi ne a kan cewa idan al'amari ya ɓaci, sama a buɗe take, kana iya tasowa a hankali ka sami iska. A cikin kogo kuwa dutse ne a bisa kanka, don haka kowace matsala a ƙarƙashin ruwa za a warware ta, sannan a yi tafiyar komawa daidai tsawon wadda aka yi wajen shiga.

Sanin yadda wurin ya samu zai bayyana maka kyansa da haɗarinsa a lokaci ɗaya. Yankin Yukatan shimfiɗaɗɗen dutsen farar ƙasa ne, dangin wanda ake haƙa a Malbaza ana yin siminti, wanda ya samu daga ɓawon halittun teku da suka taru a cikin miliyoyin shekaru. Ruwan sama yana ɗauke da ɗan tsami, kuma idan ya ratsa irin wannan dutse yakan ci shi sannu a hankali, tsaga ta zama rami, rami ya zama hanya, har ƙasar ta wayi gari ba ta riƙe kogi a samanta, ruwan duka ta ƙasa yake bi zuwa teku. Inda rufin hanyar ya yi sirantaka ya rufta, sai a sami buɗaɗɗen rami mai ruwa wanda mutanen wurin ke kira senote, kuma akwai dubbansu. Daga cikinsu al'ummar Maya suke shan ruwa tun zamanin da, suna kuma ɗaukar waɗansu da tsarki. A lokutan tsananin sanyin duniya, waɗanda na ƙarshensu ya kai ƙololuwa kimanin shekara 20,000 da suka wuce, teku ta ja baya da wajen mita 120, kogwannin suka tsiyaye. Ruwa ya riƙa ɗiga daga rufi yana barin ɗan ragowar dutse a kowane ɗigo, har aka sami tsinin duwatsu masu saukowa daga sama, da masu tasowa daga ƙasa, da ginshiƙai inda biyun suka haɗu. Da ƙanƙarar duniya ta narke teku ta dawo, ruwa ya cika hanyoyin ya rufe wannan ado. Ba ya ƙara tsirowa a cikin ruwa, saboda haka wanda mai nutso ya karya da ƙafarsa ya karye ke nan har abada.

Girman abin ya wuce yadda ake zato. A watan Janairu na 2018 masu bincike sun gano mahaɗa tsakanin kogwannin Sac Actun da na Dos Ojos kusa da garin Tulum, tsawon hanyoyin da aka auna ya kai kilomita 347, kuma daga baya maƙwabcinsa Ox Bel Ha ya haura kilomita 400. A cikin Sac Actun ɗin ne, a wani ƙaton rami da ake kira Hoyo Negro, masu nutso suka tarar a 2007 da ƙasusuwan wata yarinya mai shekara 15 zuwa 16, wadda ta rayu shekara 12,000 zuwa 13,000 da suka wuce, a gefen ƙasusuwan dabbobin da suka ƙare a duniya, har da wasu dangin giwa. Masana suna kyautata zaton ta faɗa ramin ne tun yana busasshe.

Abin da hoto ba ya iya kawo maka shi ne abin da jiki ke ji. Ruwan yana da ɗumi na wajen digiri 24 zuwa 25 duk shekara. Da hantsi rana takan shigo ta bakin ramin ta tsaya cikin ruwan sanda-sanda, kana ratsa ta kana ganin inuwarka a ƙasa. Sannan akwai wurin da ruwan daɗi yake kwance a bisa ruwan gishiri, domin na gishiri ya fi nauyi kuma daga teku yake kutsowa ta ƙasa. Idan ba wanda ya taɓa mahaɗarsu, za ka gan ta shimfiɗe kamar fuskar wani ruwa na biyu a ƙarƙashinka. Da zarar wanda ke gabanka ya ratsa ta, sai komai ya narke a idonka, ka ga hasken fitilarsa amma ba ka iya karanta agogon da ke hannunka, har sai ka ɗan sauka ko ka ɗan ɗaga. Fatarka ma takan ji bambancin, don na ƙasan ya ɗan fi ɗumi. A senoten Angelita kuma, a zurfin wajen mita 30, akwai wani farin gajimare na iskar da ruɓaɓɓen ganye ke fitarwa, rassan matattun itatuwa suna leƙowa daga cikinsa.

To, wannan garau ɗin shi ne tarkon. Ruwan kogin Isa da ka saba da shi yana gargaɗin mutum da kansa, domin da ka nutsa ba ka ganin tafin hannunka, sai ka yi hattara. Ruwan kogo kuwa kiran mutum yake yi. Kana ganin mita talatin a gabanka, kana ganin wani zaure mafi kyau bayan wancan ginshiƙi, zuciya ta ce ai kusa ne, in leƙa in dawo. Mafi yawan waɗanda suka mutu a kogwannin ruwa ba wajen neman suna suka mutu ba. Masu takarda irin taka ne da suka ce bari su leƙa. A bakin kogwannin jihar Fulorida ta Amurka, har ma da na Meksiko, ana kafa allo a ƙarƙashin ruwa daidai inda hasken rana ya ƙare, kuma na Fulorida yana faɗa wa mai karatu cewa fiye da mutum 300 sun mutu a irin wannan wuri, cikinsu har da malaman nutso na buɗaɗɗen ruwa.

Wanda ya fara zama ya bi diddigin waɗannan mace-mace shi ne Sheck Exley, Ba'amurke, wanda ya fitar da wani ɗan littafi a 1979 bayan ya duba yadda kowane haɗari ya faru. Ya ga cewa dalilan ba su da yawa, maimaita kansu suke yi: rashin shimfiɗa zare daga bakin kogo, rashin ajiye isasshiyar iska don komawa, da wuce zurfin da ya dace. Waɗanda suka biyo bayansa suka ƙara biyu, rashin horo da rashin isassun fitilu. Har yau a kan waɗannan biyar ake gina duk koyarwar nutson kogo, kuma zan fi daɗewa a kan biyun farko domin su ne suka fi cin rai.

Ƙasan kogo da bangonsa a lulluɓe suke da laka mai laushin gari, wadda ta yi shekaru aru-aru ba abin da ya motsa ta. Bugun ƙafar da aka koya maka a teku, sama da ƙasa, yana tura ruwa ne kai tsaye zuwa wannan laka. Mai shiga ba ya lura, domin gabansa garau yake, a bayansa ɓarnar take tashi. Sai ya juyo zai fita ya tarar da hanyar ta rufe. Ka san yadda bangon ƙura yake tasowa daga gabas a Yamai gabanin ruwan farkon damina, rana tsaka ta koma dare, mai mota ya kunna fitila amma ba ta nuna masa komai sai ƙurar kanta. Haka abin yake a cikin kogo, illa dai a nan babu iskar da za ta kore ta, kuma laka mai yumɓu tana iya yin sa'o'i ba ta kwanta ba. Ko wanda bai taɓa ƙasa ba bai tsira ba, domin kumfar numfashinsa tana bugun rufi ta kakkaɓo garin dutse a kansa. A wannan hali ido ba shi da amfani, kuma hankali yakan rikice har mutum ya kasa bambance hanyar fita da ta shiga. An sha samun gawar mai nutso fuskarta tana kallon cikin kogo, alamar ya ƙarar da iskarsa yana ƙara nisa alhali yana zaton fita yake yi.

Maganin wannan shi ne zare. Ana ɗaure shi a buɗaɗɗen ruwa, inda mutum zai iya tasowa kai tsaye, a riƙa warware shi daga kwarkwaro ana maƙala shi a duwatsu, ba tare da yankewa ko taku ɗaya ba, har iyakar inda aka je. A kogwannin da aka saba shiga akwai zaren dindindin, da ƴan kibiyoyin roba a jikinsa masu nuna hanyar fita, kuma a kowace mararraba mai nutso yakan sa tasa alamar wadda zai gane da taɓawa ko da ba ya gani. Ba a jan zaren, ba a rataya a jikinsa. Ana zagaye shi ne da babban yatsa da manuni, ya riƙa zamewa a tsakaninsu. A wajen horo malami yakan rufe wa ɗalibi gilashin fuska gaba ɗaya, ya ɗauke shi daga kan zaren, ya juya shi, ya sake shi. Abin da ake so ɗalibin ya yi shi ne ya tsaya cik, ya lalubi dutse ya ɗaura ɗan zarensa na ko-ta-kwana, sannan ya riƙa fita yana share ruwa da hannu yana dawowa, har yatsunsa su ci karo da babban zaren. Na ga ƙwararrun masu iyo, waɗanda ba sa tsoron teku, numfashinsu ya ninka cikin minti ɗaya a wannan gwaji. Ba a ba mutum takardar kogo sai ya iya yin sa zuciyarsa a kwance.

Batun iska kuma lissafi ne, kuma kai injiniya ne, zai yi maka sauƙi. Kowace mita 10 ta ruwa tana ƙara matsi daidai da na iskar duniya guda, saboda haka a mita 10 matsin ninki biyu ne, a mita 30 ninki huɗu. Na'urar shaƙa tana ba ka iska daidai da matsin da ke kewaye da kai, don haka kowane numfashi a mita 30 yana cin ninki huɗu na abin da yake ci a sama. Tukunyar iska mai lita 12 da aka cika zuwa bar 200, wato matsi kusan ninki 200 na iskar duniya, tana ɗauke da lita 2,400. Mutumin da ke shaƙar lita 20 a minti zai yi sa'a biyu da ita a sama, amma a mita 30 minti 30 kacal za ta kai shi, idan kuma tsoro ya kama shi tana iya ƙarewa a rabin wannan ko ƙasa da haka. A teku an koya maka ka taso idan ma'auni ya nuna bar 50. Wanda ya bi wannan ƙa'ida a kogo ya riga ya mutu, domin ya ci kashi uku cikin huɗu wajen shiga. Ƙa'idar kogo ita ce a raba iska uku: kashi ɗaya na shiga, ɗaya na fita, ɗaya kuma ba naka ba ne, na abokin tafiyarka ne idan tasa na'urar ta lalace a wuri mafi nisa. Wanda ya shiga da bar 210 zai juya a 140, ko da abin da ya zo gani yana gabansa da mita biyar. Ana yin lissafin ne da wanda ya fi ƙarancin iska a cikin ayari. Idan kuma ruwan kogon ciki yake ja, wato za a shiga da taimakonsa a fito ana kokawa da shi, kashi ukun ma ba su isa ba. Wannan ne ya sa mai nutson kogo yake ɗaukar tukwane biyu da na'urorin shaƙa biyu masu zaman kansu, ɗaya da dogon tiyo na wajen mita 2, don a matsattsen wuri ya iya shayar da abokinsa suna tafe ɗaya bayan ɗaya.

Zurfi yana da nasa sharri biyu. Daga wajen mita 30 iskar naitirojin takan fara sa maye, tunani ya yi nauyi, mutum ya ji komai lafiya lau alhali yana karanta ma'auninsa ba ya fahimta. Don haka ba a wuce mita 40 da iskar da muke shaƙa, masu zurfafawa sukan gauraya ta da hiliyom. Na biyu, naitirojin tana narkewa cikin jini da tsoka gwargwadon zurfi da daɗewa, kuma idan aka taso da sauri takan fito kumfa-kumfa a cikin jiki, ta kama gaɓoɓi, ko ta taɓa lakar gadon baya da ƙwaƙwalwa ta shanye mutum. Paul Bert na Faransa ya bayyana dalilin a 1878, John Scott Haldane kuma ya tsara jadawalin tasowa daki-daki a 1908. A kogo ba kai ke zaɓen zurfinka ba, hanyar ce ke zaɓa maka, idan ta gangara dole ka gangara. Fitilu kuwa uku ne ga kowane mutum, babba ɗaya da ƙanana biyu, kuma mutuwar ɗaya daga cikinsu ta isa a juya.

Akwai wata ƙa'ida da nake son ka riƙe fiye da sauran, domin tarbiyyarmu tana iya yi mana cikas a kanta. A nutson kogo, kowa yana da ikon ya ɗaga babban yatsa ya ce a fita, a kowane lokaci, da dalili ko babu, kuma ba a tambayarsa sai an fito, ba a kuma zarginsa. Mu an raine mu da kunya da kawaici, yaro ba ya katse babba, baƙo ba ya son ya ɓata wa mutane shiri, namiji ba ya son a ce ya ji tsoro. Waɗannan halaye ne masu kyau a tudu. A ƙarƙashin dutse kuwa, wanda kunnensa ya ƙi daidaita ko ƙirjinsa ya yi nauyi ya yi shiru don kunya, ya jefa kansa da abokan tafiyarsa cikin haɗari ɗaya.

Kada ka ɗauka ƙwarewa tana cire haɗarin gaba ɗaya. Jacques-Yves Cousteau, wanda shi da Émile Gagnan suka ƙera na'urar shaƙa ta zamani a 1943, ya kusa rasa ransa tare da Frédéric Dumas a maɓuɓɓugar Vaucluse ta Faransa a 1946, saboda injin da ya cika musu tukwane ya zuƙi hayaƙin kansa ya tura musu guba. Wannan darasi ya shafe mu ƙwarai, mu da muka saba ganin ana aiki da injin wuta a ko'ina: iskar da aka cika kusa da hayaƙin inji tana kisa a zurfi. Exley kansa ya rasu a 1994 a ramin Zacatón na Meksiko yana neman kaiwa wajen mita 300. A nahiyarmu, a ramin Boesmansgat na Afirka ta Kudu, inda Nuno Gomes ya kai mita 282 a 1996, Dave Shaw ya rasu a watan Janairu na 2005 a zurfin mita 270 yana ƙoƙarin ɗauko gawar wani matashi da ta yi shekara goma a wurin. Waɗannan mutane ne da suka je iyakar abin da jikin ɗan Adam zai ɗauka, kuma ba hanyarsu nake nuna maka ba. Misalin da ya fi kusa da tambayarka shi ne na kogon Tham Luang a ƙasar Tailan a 2018, lokacin da ruwa ya tsare yara ƴan ƙwallo 12 da kocinsu. Sojojin ruwan ƙasar gwanayen nutso ne, amma waɗanda suka iske yaran ranar 2 ga Yuli su ne John Volanthen da Rick Stanton na Ingila, fararen hula da suka shafe shekaru suna bin zare cikin duhu. Saman Kunan, tsohon sojan ruwa mai cikakken ƙarfi, ya rasu a kan hanyar dawowa daga kai tukwanen iska. Nutson teku da nutson kogo sana'o'i biyu ne, ko da kayan aikinsu sun yi kama.

Yanzu ga abin da za ka iya yi a wannan tafiya. A senotocin da ke tsakanin Playa del Carmen da Tulum, irin su Dos Ojos, ana kai masu takarda irin taka yawon bakin kogo, kuma yana da ƙa'idodi sanannu. Ba a fita daga inda ake hango hasken rana, ba a yin nisan da ya wuce wajen mita 60 daga inda za a iya tasowa, ba a bi ta wurin da mutum biyu ba za su wuce kafaɗa da kafaɗa ba, kuma jagora ɗaya ba ya ɗaukar fiye da mutum huɗu. Jagoran dole ya kasance mai cikakkiyar takardar kogo, sanye da tukwane biyu. Ka nemi ganin takardarsa, ba rashin kunya ba ne, kuma na kirki zai ji daɗin tambayar. Ka saurari bayaninsa kafin a shiga: idan bai yi maganar zare da rabon iska uku da alamun fitila ba, ka nemi wani. Idan kuma ya ce zai ɗan wuce da kai bayan allon gargaɗi domin ya ga ka iya, to wannan ne mutumin da ya fi kowa haɗari a gare ka a duk ƙasar. A ganina nutso goma ya yi kaɗan ko ga bakin kogo, saboda haka ka ba da kwana ɗaya ko biyu tukuna a teku tare da malami, kana gyara tsayuwarka a ruwa, har ka iya tsayawa a kwance wuri ɗaya ba ka motsa hannu ba, ba ka nitsewa ba ka tasowa, ka kuma koyi bugun ƙafa irin na kwaɗo wanda ke tura ruwa baya maimakon ƙasa. Mafi yawan kyan da ka gani a hotuna, hasken rana da ginshiƙai da mahaɗar ruwa biyu, a wannan sashe yake, ba za ka dawo da ƙishirwa ba.

Idan bayan haka zuciyarka ta kamu, hanyar a bayyane take, sai dai tana da tsawo da tsada. Ƙungiyoyin da ke ba da takardar kogo, irin su NSS-CDS da TDI da IANTD da GUE, suna neman mutum ya riga ya yi nutso daga 25 zuwa 100 gwargwadon ƙungiya da mataki, sannan a bi daki-daki: bakin kogo, shiga ta zare guda ba ratse, sannan cikakken kogo mai mararrabai. Ga wanda ya yi karatu da Faransanci, yankin Lot na Faransa, inda kogon Ressel yake, makaranta ce babba, sai dai ruwan yana da sanyi na wajen digiri 13, dole sai da rigar da ruwa ba ya ratsawa. Afirka ma tana da nata: tafkin kogon Chinhoyi a Zimbabuwe, da Dragon's Breath a Namibiya, wanda yake cikin manyan tafkunan ƙarƙashin ƙasa na duniya, da kogwannin kudu maso yammacin Madagaska inda aka sami tarin ƙasusuwan dabbobin da suka ƙare. Yawancinsu na waɗanda suka gama horo ne. Don tara nutson buɗaɗɗen ruwa kuwa, Dakar da Bahar Maliya sun fi mana kusa. A nan gida ka tsaya ga wurin wanka na otel don ƙarfafa iyo. Ina roƙonka kada ka sayo kaya ka ce za ka gwada su a rijiya ko a ramin haƙar zinariya da ruwa ya cika, domin waɗannan sun haɗa duhu da ruftawa da gurɓatacciyar iska, kogin Isa kuma ga igiyar ruwa ga tsargiya, ga dorina a wasu wurare.

Kafin ka tashi ka ga likita, ka faɗa masa ainihin abin da za ka yi. Farfaɗiya, da asma mai tashi, da ciwon zuciya, da huhun da ya taɓa fashewa, duk suna hana nutso ko suna bukatar binciken ƙwararre. Abin da ya fi shafar mu a wannan yanki shi ne amosanin jini, wato emasi. Mai cikakken ciwon ba ya nutso da tukunya sam, domin sanyi da ƙarancin ruwan jiki da wahala suna tayar da shi, wanda kuma yake ɗauke da rabin ƙwayar ya kamata ya san matsayinsa ya yi shawara da likita, kuma gwajin yana samuwa a Yamai. Kada ka nutsa da mura, don kunne ba zai daidaita ba, kada ka nutsa kana fama da zazzaɓin cizon sauro ko kana murmurewa daga shi, kuma idan zazzaɓi ya kama ka a can ka gaya wa likitansu daga inda ka fito, domin ba lalle tunaninsu ya je kan wannan ciwo ba. Ka sha ruwa sosai, saboda bushewar jiki tana ƙara haɗarin kumfar naitirojin, don haka idan tafiyar ta faɗo cikin azumi ka tsara ranakunka da wannan a zuciya. Ka sayi inshorar nutso irin ta DAN, ƙungiyar kula da lafiyar masu nutso, domin jinya a ɗakin matsin iska tana da tsada ƙwarai, ko da yake akwai irin ɗakunan a Kankun da Playa del Carmen da tsibirin Kozumel.

Sai batun jirgin dawowa. Matsin iskar cikin jirgin sama bai kai na ƙasa ba, saboda haka naitirojin da ta rage a jikinka tana iya yin kumfa bayan an tashi, a inda babu mai iya yi maka komai. Ƙa'idar ita ce a jira aƙalla sa'a 12 bayan nutso guda, sa'a 18 bayan nutso da yawa ko na kwanaki a jere, ni kuwa ɗalibaina sa'a 24 nake sa su jira. Tafiya daga Kankun zuwa Yamai jirgi biyu ne ko uku, don haka ka sa nutsonka a tsakiyar zamanka, ranar ƙarshe kuma kada ka shiga ruwa da tukunya.